Saniya, Burodi da Waƙa: Yadda Mutanen Baltik Suka Riƙe Kansu

Ga abin da muka tattauna a filin tarihi na wannan mako, mun sa shi a takarda saboda waɗanda shirin ya wuce suna daji da dabbobi ko suna bisa hanya da kaya. Wannan karon mun yi nisan kiwo, har arewacin Turai, bakin wani teku da ake kira Baltik.

Ƙasashe uku ne ƙanana jere a gaɓar tekun: Lituwaniya, Latbiya da Istoniya. In ka haɗa mutanensu duka, wajen miliyan 6 ne. Babban birnin Lituwaniya shi ne Vilnius, na Istoniya Talin, na Latbiya kuwa Riga, amma fa ba rigar sawa ba. Lituwaniyawa da Latbiyawa harsunansu ƴan ɗaki ɗaya ne, su ake nufi da ainihin mutanen Baltik. Istoniyawa harshensu dangin na Finlan ne, sai dai tarihi ya ɗaure su a turke guda da maƙwabtansu.

A da akwai wata ƙabilar, ƴar'uwar Lituwaniyawa, da ake kira Prusawa. Mayaƙan Jamus suka ci ƙasarsu, sannu a hankali jikoki suka daina jin maganar kakanni, zuwa wajajen 1700 harshen ya mutu murus. Sunan ƙasar kaɗai ya rage, shi ma Jamusawa suka ɗauka suka laƙaba wa daularsu. To, yaya aka yi sauran suka tsira, alhali su ma sun sha mulkin baƙi shekaru aru-aru? Mu bi sawun tun daga kasuwa.

Ƙaron teku da gishiri

Abin da ya fara fitar da sunan yankin duniya shi ne amba. Ku ɗauka ƙaro ne, irin wanda ke tsatsowa daga jikin itace, amma na dazuzzukan da suka shuɗe shekaru miliyoyi. Ya daskare ya zama kamar dutse, launinsa na zuma, ga shi ba nauyi. In teku ta yi haushi sai ta watso shi gaɓa, mutane su bi suna tsinta. Tun zamanin Rumawa fatake ke ɗaukarsa daga hannu zuwa hannu, zango zuwa zango, har garin Akwileya na Italiya. An rubuta cewa a zamanin sarki Nero an aika mutum takanas ya je ya yiwo sarinsa. A shekara ta 98 miladiyya wani marubucin Rum, Tacitus, ya ba da labarin mutanen gaɓar, ya ce manoma ne masu haƙuri, kuma suna mamakin kuɗin da baƙi ke biya kan abin da su tsintarsa suke yi. Ɗan kasuwa ya san ƙarshen wannan zance: mai tsinta ya samu na cefane, dillalin nesa ya gina soro.

A 1201 wani limamin Kirista Bajamushe mai suna Albert ya kafa birnin Riga a bakin kogin Daugava. A 1282 birnin ya shiga ƙawancen biranen ƴan kasuwa da ake kira Hansa. Jiragen ruwa na fita da kakin zuma, katako, fatu, kittani da hatsi, suna shigowa da tufafi, kifi da gishiri. Gishirin nan shi ne ran kasuwar, domin ƙasar ba ta da nata, kuma in babu shi ba a iya ajiye nama, kifi ko man shanu har a fita hunturu.

Akwai ma inda tarihinsu ya taɓo yammacin Afirka. A 1651 Jacob Kettler, sarkin Kurlan da ke yammacin Latbiya ta yau, ya aiko jirage suka gina ganuwa a wani tsibiri cikin kogin Gambiya, wanda yanzu ake kira Kunta Kinte. Shekara goma bayan haka Ingilishi suka ƙwace. Shi sarkin Bajamushe ne, talakawansa ne Latbiyawa.

Takobi da gandu

Tare da ƴan kasuwar nan mayaƙan Kirista suka zo da takobi. Kafin ƙarni na 13 ya ƙare sun mallake Latbiya da Istoniya. Daga nan aka yi ta canjin iyayen gida, yau Polan, gobe Suwidin, jibi Rasha, amma gandaye na hannun zuriyar Jamusawa. Manomi ya zama ɗaurarre da gonar ubangidansa, ba ya tashi sai da izini. Ba a kwance wannan igiya ba sai tsakanin 1816 da 1819 a Istoniya da yawancin Latbiya, Lituwaniya kuwa sai 1861.

Lituwaniya ta bi wata hanya dabam da farko. Ta haɗa kai ta yi sarauta, aka naɗa Mindaugas a 1253, ta yi ta gwabzawa da mayaƙan Jamus. Ba ta karɓi Kiristanci ba sai 1387, ita ce ta ƙarshe a daulolin Turai da ta bar addinin gargajiya. Amma da tafiya ta yi tafiya, manyanta suka koma jin Polanci, suna ganin harshen iyayensu na ƙauyawa ne. Kun ga ke nan a ƙasashen uku magana ɗaya ce: birni da fada sun koma bakin baƙi, harshen gida ya rage wurin mai garma, mai tatsa da yaron da ke bin shanu. Can ya ɓuya, can kuma ya rayu.

Kalandar saniya

Makiyayin Baltik ba ya tafiya cin rani. Abokin gabarsa sanyi ne. Dusar ƙanƙara kan rufe ƙasa, a tsakiyar hunturu hasken yini ba ya wuce wajen awa bakwai, shanu na kulle a ɗaki kusan wata shida. Don haka arzikin mai garke ba yawan kawuna ba ne kawai, yawan ciyawar da ya yanka ya shanya ya tara ne. Wanda ya yi sanya a lokacin yankan ingirici, kafin bazara ko dai ya yanka saniya ko ya sayar da ita a wulaƙance. Aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, shi ya sa suke yin gayya. Kalmarsu ta gayya ita ce talka, a Lituwaniyanci da Latbiyanci duka: maƙwabta su taru su yi aiki, mai gida ya ciyar, gobe a koma gonar wani.

Ranar 23 ga Afrilu ita ce ranar fitar da shanu ta al'ada, Lituwaniyawa na ce mata Jurgines. Akan taɓa kowace saniya da reshen itace, a ajiye ƙwai a bakin ƙofar garke dabbobi su tsallaka, sannan a ba makiyayi ƙwan. Makiyayan kuwa yawanci yara ne, ƴaƴan talakawa da ake ɗauka haya daga bazara zuwa kaka, a biya su da hatsi da sutura. Da sarewa da ƙaho suke kiran juna daga kurmi zuwa kurmi.

Babban bikin shekara na zuwa daren 23 ga Yuni, wayewar 24, lokacin da rana ke yin kusan awa 18 ba ta faɗi ba. Latbiyawa na kiransa Jani. Maza su ɗaura rawanin ganyen wani babban itace da suke girmamawa, mata na furanni, har shanu ake yi wa rawani. A hura wuta bisa tudu, a kwana ana waƙa har fitowar rana. Ana shan giyar sha'ir, wannan al'adarsu ce. Amma abin da uwar gida ke alfahari da shi shi ne cukunta: ana dafa madara da daskararren nono, a tsame, a haɗa da ƙwai da man shanu da wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi masu ƙamshi, a ɗaure a ƙyalle a danne, ya fito kewayayye, rawaya kamar rana. Bikin ya faɗo daidai lokacin da ciyawa ta cika, nono ya yi yawa. Duk wanda ya taɓa riƙe sanda ya san dalilin murnar.

Abin da ke cikin akushi

Uban abinci a can shi ne baƙin burodi. Da wani hatsi ake yinsa, ɗan'uwan alkama da sha'ir, wanda ake kira hatsin rai. Yana jure sanyi da ƙasa marar ƙarfi, inda alkama ke gazawa. Ana kwaɓa garin a kwamin itace, a bar shi ya yi tsami da ragowar ƙullun baya, a gasa manya-manyan curi. Nauyi gare shi, ga ɗan tsami, yana mako biyu bai lalace ba. Ba a kifa shi a kan teburi. In ya faɗi ƙasa, sai a ɗauka a sumbace shi. Mutanen da suka san yunwa ba sa wasa da hatsi.

Bayan burodi sai nono. Latbiyawa na da skabputra: a dafa sha'ir, a zuba nono mai tsami, a bari ya kwana, a sha da sanyinsa a gonar ciyawa. Istoniyawa na da kama, garin soyayyen sha'ir da hatsin rai da wani irin wake, a dama da nono. Mai fura in ta gani ba za ta yi baƙunta ba. Lituwaniyawa kuwa na da wata miya mai sanyi, launinta ja-ja, ta kindirmonsu da beterab da kokwamba da dafaffen ƙwai, ana haɗa ta da dankali mai zafi. Shi dankalin Turawa baƙo ne, a ƙarni na 18 ya shigo, amma yau ya zama ɗan gida. Da shi ake yin cepelinai, dunƙulen dankali mai nama a ciki, wanda ya samo suna daga jiragen sama na Zeppelin saboda kamar da suka yi.

Mutanen gaɓa kifi suke bandawa. Zuma kuma tana da daraja ta musamman. A Lituwaniya in ƙudan zumarka suka tashi suka sauka gidan wani, kun zama abokan tarayya a amya, zumunci ya ƙullu. Daga sunan ƙudan zuma suka samo kalmar biciulis, wato amini.

Gaskiya ɗaya ce, naman alade na da yawa a girkinsu. Sai dai akwai gidajen da ba ya shiga. Wajajen 1397 sarki Vytautas ya zaunar da Tatar Musulmi kusa da Vilnius, ya ba su filaye suna yi masa aikin soja. Jikokinsu na nan har gobe, da masallatansu a Kaunas, Nemezis, Raiziai da wani ƙauye mai suna Tatar Arba'in. Harshen Tatar ya kuɓuce musu tun tuni, amma suka riƙa rubuta littattafan addini cikin harshen maƙwabta da haruffan Larabci, kamar dai ajaminmu. Daga ɗakin girkinsu aka samu wani waina mai ninki-ninki da ake kira simtalapis, wato mai ganye ɗari, wanda yau kowa ke ci.

Masu tsallaka iyaka da littafi

Yanzu ga inda ƴan bakin iyaka za su gyara zama. Bayan tawayen 1863, gwamnatin sarkin Rasha ta hana buga Lituwaniyanci da haruffan boko irin na Latin. Ta ce in za a rubuta, sai da haruffan Rasha. Mutane suka ƙi. Dokar ta yi shekara 40, daga 1864 zuwa 1904.

Tsallaken iyaka, a ƙasar da ke hannun Jamus, akwai maɗaba'u a garin Tilsit. Sai aka riƙa buga littattafan addu'a, kalanda, littattafan koyon karatu da jaridu a can. Wa zai shigo da su? Manoma, masu amalanke da ƴan tireda. Suna ɗaure kayan a baya su bi kurmi da dare, ko su ɓoye cikin ciyawa da ƙasan amalanke. Masu gadin iyaka layi uku ne. Wanda aka kama, kurkuku ko Saberiya, wasu kuma nan take aka harbe su. Wani babban limamin coci, Motiejus Valancius, shi ya fara tsara hanyoyin. Wanda ya fi suna cikin masu dakon shi ne Jurgis Bielinis, kuma ranar haihuwarsa, 16 ga Maris, ita ce ranar tunawa da su a Lituwaniya har yau. A gida kuwa uwa na kaɗi tana koya wa yaro baƙi a ɓoye.

Kada wani ya ce rediyo ta ce a kauce wa duwan, a'a. Abin lura shi ne, mutanen da suka san kowane lungu na iyaka su suka ɗauko harshen al'ummarsu a bayansu, har gwamnati ta gaji ta janye dokar.

A Latbiya wani malami, Krisjanis Barons, ya bi ta wata ƙofar. Ya sa aka riƙa aiko masa da waƙoƙin ƙauye, yawanci masu layi huɗu: na kiwo, na niƙa, na aure, na marayu, na binne mamaci. Kowace ya rubuta a ƴar takarda ya jera a wani kabad mai aljihuna. Tsakanin 1894 da 1915 aka buga guda 217,996. Kabad ɗin na ɗakin karatu na ƙasa a Riga, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2001. Ga kuma taron waƙa na ƙasa, inda dubban mutane ke haɗa murya: Istoniya ta fara a 1869, Latbiya 1873, Lituwaniya 1924.

Taragon shanu

A 1918 ƙasashen uku suka sami ƴancin kai. Aka rarraba manyan gandaye ga ƙananan manoma, masu shanu suka kafa ƙungiyoyin gama-kai na madara, man shanunsu ya riƙa zuwa Ingila da Jamus. Daɗin bai daɗe ba. Ranar 23 ga Agusta 1939 Hitler da Stalin suka raba yankin a asirce. Sobiyet ta shigo a 1940, Jamus ta kore ta a 1941. A ƙarƙashin ƴan Nazi, da taimakon wasu ƴan ƙasa, aka hallaka fiye da kashi 90 cikin 100 na Yahudawan Lituwaniya, waɗanda su ne ƙashin bayan kasuwannin ƙananan garuruwa. A 1944 Sobiyet ta dawo.

Sai aka ce kowa ya kai gonarsa da dabbobinsa gandun gwamnati, kolhoz. Manoma suka noƙe. Daga ranar 25 ga Maris 1949, cikin ƴan kwanaki, aka kwashe mutum fiye da 90,000 daga ƙasashen uku, aka cusa su a taragon dabbobi zuwa Saberiya. Mafi yawansu mata ne da yara. Waɗanda suka rage suka sa hannu don tsoro. Aka bar wa kowane gida saniya ɗaya da ɗan fili bayan ɗaki. Wannan saniya guda ita ta riƙe gidaje da yawa. Hukuma kuma ta fi son nau'in shanu mai yawan nono, har wata tsohuwar saniya ta gaɓar Latbiya, mai launin toka-toka da suke kira shuɗiya, ta kusa ƙarewa. Daga baya wasu masu kiwo suka tattara ƴan ragowar suka farfaɗo da irin. A farkon shekarun 1960 an hana bikin Jani a hukumance, amma a ƙauye ba a daina ɗaure cuku da hura wuta ba.

Hannu da hannu

Ranar 23 ga Agusta 1989, shekara 50 cif da waccan yarjejeniya, mutum wajen miliyan 2 suka fito titi suka riƙe hannun juna, layi ɗaya daga Talin, ta Riga, har Vilnius, fiye da kilomita 600. Ba bindiga, sai waƙa da tuta. Lituwaniya ta ayyana ƴanci ranar 11 ga Maris 1990. A Janairun 1991 sojojin Sobiyet suka kashe mutum 14 a Vilnius, amma kafin shekarar ta ƙare duniya ta amince da ƙasashen uku.

Ƴanci ma da nasa nauyin. Akwai wani gari da aka raba biyu a 1920, rabi Valga a Istoniya, rabi Valka a Latbiya. Da Sobiyet ta rushe sai shinge ya dawo tsakiyar gari, mai zuwa kasuwa ko gaida ƴan'uwa sai ya nuna takarda. Sun shiga Tarayyar Turai a 2004, a Disambar 2007 aka ɗauke shingen. Yanzu kuɗinsu ma ɗaya ne, yuro.

Ga wani darasin na kasuwa. Masu madarar Lituwaniya sun dogara ƙwarai da Rasha wajen sayar da cuku. A Agustan 2014 Rasha ta rufe ƙofa ga abincin Turai, farashin nono ya faɗi, ƙananan masu shanu suka ji a jikinsu, dole aka bazama neman sababbin masu saye. Mu da muka ga yadda rufe iyaka ke yi wa kasuwar dabbobi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Neman kasuwa ya kai su nesa: alkamar Latbiya da Lituwaniya na cikin wadda jiragen ruwa ke saukewa a Najeriya, ba mamaki burodin mai shayin tasharku na da ɗan rabonta.

Matsalarsu ta yau ba ta soja kaɗai ba ce. Matasa da yawa sun tafi ci-rani Ingila, Ailan da Jamus, ƙauyuka na zama kufai, masu saniya biyu-uku na raguwa kowace shekara. Abin da sarakuna suka kasa ƙwacewa da ƙarfi, yana iya zubewa in babu mai karɓa daga hannun tsofaffi. Su ma sun gane haka, shi ya sa suke rubutawa, suke koya wa yara waƙa a makaranta, suke yi wa cukunsu da burodinsu rajista.

To jama'a, mu tambayi kanmu: kirarin shanu da kakanninmu ke yi, sunayen launukansu, waƙar dabe da ta niƙa, wa ke riƙe da su a gidanku? In akwai tsoho ko tsohuwa kusa, a zauna a saurara, mai waya ya naɗa, mai alƙalami ya rubuta, boko ko ajami. Ku aiko mana, za mu sa a shiri. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare garke, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.